Walter Carrington da Gwamnatin Abacha: Ina Iyakar Bakin Jakada a Ƙasar da Ba Tasa Ba?

A watan Agustan 2023 sojojin da suka karɓi mulki a Yamai suka ba jakadan Faransa, Sylvain Itté, sa'o'i 48 ya bar Nijar. Faransa ta ce ba ta san da zaman gwamnatinsu ba, jakadan ya yi zamansa a cikin ofishinsa har ƙarshen Satumba kafin ya tafi. A watan Maris na 2025 Amurka ta kori jakadan Afirka ta Kudu, Ebrahim Rasool, saboda kalaman da ya yi a kan Shugaba Trump. Wata huɗu bayan haka ofishin jakadancin Amurka a Najeriya ya sanar cewa yawancin bizar ziyara da za a riƙa ba 'yan ƙasar ta koma ta shiga ɗaya, mai wa'adin wata uku. Duk lokacin da labari irin wannan ya fito, tambayoyin da ke biyo baya ba sa canzawa. Wa ke naɗa jakada? In ya buɗe baki, shi ke magana ko gwamnatinsa? Yaushe maganarsa ke zama katsalandan, kuma me ƙasar da yake zaune a ciki za ta iya yi masa?

Najeriya ta taɓa ganin waɗannan tambayoyi a aikace har tsawon shekara huɗu, lokacin da Walter Carrington ya riƙe ofishin jakadancin Amurka daga 1993 zuwa 1997, wato kusan dukan zamanin Janar Sani Abacha. Tarihinsa ya nuna wani abu da ake yawan cakuɗawa: muryar jakada daban, manufar ƙasarsa daban, kuma wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi.

Yadda ake zama jakadan Amurka

Tsarin mulkin Amurka ya ba shugaban ƙasa ikon zaɓen jakada, amma sai Majalisar Dattawa ta amince. Kafin a kai ga nan, ana aika sunan mutumin a asirce ga ƙasar da za shi, domin ta ce ta yarda ko ba ta yarda ba, kuma ba dole ne ta faɗi dalili ba. In ya isa, sai ya miƙa wa shugaban ƙasar takardar shaidar kama aiki. Daga ranar ya zama wakilin shugaban Amurka kansa, kuma shugaban kusan dukan ma'aikatan gwamnatin Amurka da ke ƙasar, in ban da sojojin da ke ƙarƙashin kwamandan yanki.

Jakadun kashi biyu ne. Akwai ma'aikatan diflomasiyya na dindindin, waɗanda suka ci jarrabawar shiga aikin harkokin waje suka yi shekaru ana yi musu canjin ƙasa. Akwai kuma waɗanda shugaba ya ɗauko daga waje, ko don gwanintarsu, ko don kusanci, ko don kuɗin da suka zuba a yaƙin neman zaɓe. An daɗe ana tafiya a kan kusan kashi 70 cikin 100 na farko, 30 na biyu, ko da yake a wa'adin Trump na farko kason 'yan siyasa ya haura 40. Bisa al'ada, in sabon shugaba ya hau, kowane jakada yana miƙa takardar ajiye aiki. Ta 'yan siyasa kusan koyaushe ana karɓa.

Carrington yana cikin kashi na biyu, amma ba daga sahun attajiran da ake sakawa da Landan ko Paris ba. An ɗauko shi ne saboda ya san Afirka. Wannan bambanci yana da tasiri a kan abin da ya biyo baya. Ma'aikacin dindindin yana da ƙarin girma da yake jira da wata ƙasa da yake fatan a tura shi, saboda haka yakan auna kowace kalma. Carrington ya iso Legas yana da shekara 63, babu wata kujera da yake hari a Ma'aikatar Harkokin Waje.

Daga Everett zuwa Dakar

An haife shi a birnin New York ranar 24 ga Yulin 1930, ya tashi a garin Everett da ke gefen Boston a jihar Massachusetts. Ya gama digirin farko a Jami'ar Harvard a 1952, ya gama na lauya a can a 1955, ya yi aikin soja na ɗan lokaci. Tun yana ɗalibi yake cikin NAACP, babbar ƙungiyar neman 'yancin baƙaƙen fatar Amurka, kuma a Boston ya san Martin Luther King lokacin da shi ma yake karatu a birnin. Yana da shekara 27 aka naɗa shi kwamishina a hukumar yaƙi da wariya ta jihar Massachusetts.

Wannan tushe ne ya kamata a riƙe in ana son fahimtar halinsa a Legas. Mutum ne da ya koyi siyasa a zamanin da baƙin mutum a kudancin Amurka ba ya iya kaɗa ƙuri'a cikin sauƙi, kuma soke zaɓe ba abu ne da zai ɗauka a matsayin rikicin cikin gida na wasu ba.

Ya fara taka Najeriya a 1959, shekara ɗaya kafin 'yancin kai, yana jagorantar ɗaliban Amurka da suka zauna a gidajen 'yan ƙasa. Da Shugaba Kennedy ya kafa hukumar 'yan sa-kai ta Peace Corps a 1961, Carrington ya shiga, ya yi shekara goma, ya yi aiki a Saliyo da Senegal da Tunisiya, daga baya ya zama daraktan hukumar na Afirka. Ya kwashe shekarun 1970 a shugabancin wata cibiya mai zaman kanta da ke haɗa Amurka da Afirka ta fuskar ilimi. A 1980 Shugaba Jimmy Carter ya tura shi Senegal a matsayin jakada. Zaman bai yi tsawo ba: Carter ya faɗi zaɓe, Reagan ya hau a Janairun 1981, aka karɓi takardarsa. Amma ya ga wani abu da ba a saba gani a nahiyar ba a lokacin, wato shugaban Senegal, Léopold Senghor, ya sauka daga mulki don kansa ya bar wa Abdou Diouf. Bayan nan ya koma Jami'ar Howard a Washington, ya kuma yi aiki da ɗan majalisa Mervyn Dymally, har Bill Clinton ya kira shi a 1993.

Abin da ya tarar

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 12 ga Yunin 1993 tsakanin Moshood Abiola na SDP da Bashir Tofa na NRC. Sakamakon da ya fita ya nuna Abiola a gaba, har da jihar Kano, mahaifar Tofa. Janar Ibrahim Babangida ya soke zaɓen ranar 23 ga Yuni, ya sauka a ƙarshen Agusta ya bar gwamnatin riƙon ƙwarya a hannun Ernest Shonekan. Tun kafin zaɓen dangantaka ta fara tsami, domin gwamnati ta umarci jami'in yaɗa labaran ofishin jakadancin Amurka ya bar ƙasar bayan ya fitar da sanarwar cewa ɗage zaɓe ba abin yarda ba ne.

Carrington ya kama aiki a watan Nuwamba, a kwanakin ƙarshe na Shonekan. Ranar 17 ga watan Abacha ya karɓi mulki, ya rushe majalisu da jam'iyyu da gwamnonin farar hula. Ministan harkokin wajensa na farko shi ne Baba Gana Kingibe, wanda ya yi wa Abiola takarar mataimaki, kuma da yawa daga 'yan siyasa, har a ɓangaren Abiola, sun yi zaton sojojin ba za su daɗe ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta ƙamari. A watan Mayun 1994 aka kafa NADECO, gamayyar masu neman a tabbatar da zaɓen 12 ga Yuni. A watan Yuni Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Legas, aka kama shi. Ma'aikatan mai suka yi yajin aikin da ya tsayar da ƙasa kusan wata biyu, aka murƙushe shi aka tsare jagoransu Frank Kokori. A watan Maris na 1995 aka sanar da gano yunƙurin juyin mulki, aka kama Janar Olusegun Obasanjo da Janar Shehu Musa 'Yar'adua da Kanar Lawan Gwadabe da wasu, daga baya aka haɗa da 'yan jarida da 'yan gwagwarmaya irin su Beko Ransome-Kuti da Shehu Sani. Obasanjo da kansa ya ba da labarin cewa yana taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Copenhagen Carrington ya aika masa gargaɗi cewa za a kama shi in ya dawo, tare da tayin mafaka a Amurka. Ya ƙi tayin ya dawo.

Ranar 10 ga Nuwamban 1995 aka rataye marubuci ɗan gwagwarmaya Ken Saro-Wiwa da mutum takwas 'yan ƙabilar Ogoni a Fatakwal. Ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta dakatar da Najeriya, Amurka da ƙasashen Turai da dama suka kira jakadunsu gida. Kiran jakada gida mataki ne na nuna fushi wanda bai kai yanke hulɗa ba: ofishi na nan a buɗe, mataimaki na riƙe da shi, kuma jakadan kan dawo in an ga saƙon ya isa. Carrington ya dawo bayan 'yan watanni. A watan Yunin 1996 aka harbe Kudirat, matar Abiola, haifaffiyar Zariya, a cikin motarta a Legas.

Abin da Washington ta yi, da abin da ta ƙi yi

A nan ne tazarar take. Carrington yana magana a bainar jama'a, yana halartar tarukan ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ƙofarsa a buɗe take ga 'yan adawa da 'yan jaridar da ake farauta. Jaridun Legas suna buga kalamansa a shafin farko. Wanda ke karanta su zai yi zaton Amurka ta ɗaura ɗamarar kifar da Abacha.

Matakan da gwamnatin Clinton ta ɗauka ba su kai nan ba. Ta tsayar da taimakon soja da sayar da makamai, ta hana manyan jami'an gwamnati da iyalansu biza. A 1994 ta saka Najeriya cikin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai a yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, abin da ya yanke yawancin tallafi ga gwamnati ya kuma tilasta wa Amurka ƙin goyon bayan ba Najeriya rance a manyan bankunan raya ƙasa na duniya. Duk waɗannan suna da ciwo, amma ba su taɓa jijiyar gwamnati ba. Jijiyar ita ce ɗanyen mai, wanda daga gare shi kusan dukan kuɗin waje na Najeriya ke fitowa, kuma Amurka ce babbar mai sayensa a lokacin. Kamfanonin Mobil da Chevron da Texaco suna haƙa, jirage suna lodi, babu ranar da aka tsaya. Nelson Mandela ya nemi a sa takunkumin mai bayan rataye Saro-Wiwa. Randall Robinson na ƙungiyar TransAfrica ya yi gangami a Washington, ɗan majalisa Donald Payne da Sanata Nancy Kassebaum suka gabatar da ƙudurin ƙara matsi. Babu wanda ya zama doka.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kamfanonin mai suna da baki a Washington. Ƙasashen Turai, musamman masu hannu a Shell da Elf da Agip, ba su nuna niyyar shiga takunkumi ba, kuma in Amurka ta yi ita kaɗai wani ne zai saye man. Sannan sojojin Najeriya su ne ƙashin bayan rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, ECOMOG, a Laberiya da Saliyo, aikin da Amurka ba ta son tura nata sojojin su yi bayan abin da ya same ta a Somaliya a 1993. Ko a cikin baƙaƙen fatar Amurka kai bai haɗu ba. Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam kuma mai yawan sukar gwamnatin Amurka, ya ziyarci Abacha a 1996 ya ce a ba shi lokaci, Sanata Carol Moseley-Braun ma ta je Abuja a shekarar ta sha suka a gida. Gwamnatin Abacha ta kuma kashe kuɗi wajen ɗaukar kamfanonin kamun ƙafa a Washington.

Saɓanin ya fito fili bayan tafiyar Carrington. A watan Maris na 1998, ana tsakiyar kiran tazarce, Susan Rice, mataimakiyar sakataren harkokin waje kan Afirka, ta ce Amurka ba za ta amince soja ya tsaya takara ya gaji kansa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka Clinton yana Afirka ta Kudu ya ce in Abacha zai tsaya, ya tsaya a matsayin farar hula. Jami'ansa suka yi ta ƙoƙarin gyara maganar.

Walimar da ba a gama ba

A shekarar Carrington ta ƙarshe gwamnatin Abacha ta daina ɓoye ƙiyayyarta. Bama-bamai suna tashi a Legas, hukumomi suna ɗora laifin a kan NADECO, ministan harkokin waje Tom Ikimi ya nuna cewa suna son yi wa jakadan tambayoyi a kai. Ministan ayyuka na musamman, Wada Nas, yana cikin waɗanda suka fi caccakarsa a jaridu. Amma tambayar jakada ba ta yiwuwa sai ƙasarsa ta cire masa rigar kariya, kuma Amurka ba ta yi ba.

A watan Satumban 1997 ƙungiyoyin rajin dimokuraɗiyya suka shirya masa walimar ban kwana a Legas. Jami'an tsaro suka tare wurin da aka shirya tun farko, mahalarta suka sulale zuwa gidan wani jigon NADECO a Surulere. Ana cikin jawabai 'yan sanda ɗauke da bindigogi suka fasa ƙofa suka shiga, suka tsayar da mai magana, suka ce kowa ya watse. Jakadan yana zaune a wurin da matarsa, Dakta Arese, likita 'yar birnin Benin na jihar Edo da ya aura a Najeriya. Amurka ta shigar da ƙorafi a hukumance. A watan Oktoba ya bar ƙasar.

Abin lura shi ne gwamnati ba ta taɓa korarsa ba, alhali tana da cikakken iko. Ta zaɓi ta takura masa ta bar hulɗa da Washington a buɗe, kamar yadda Washington ta bar jakadanta ya yi magana ta bar mai yana tafiya. Kowane ɓangare ya san inda zai tsaya.

Rigimar ta ƙare a kan allon titi. A farkon 1998 hukumar birnin New York ta raɗa wa kusurwar da ke gaban ofishin Najeriya sunan Kudirat Abiola. Gwamnatin Abacha ta rama da sauya wa Eleke Crescent, titin da ofishin jakadancin Amurka yake a Victoria Island, suna zuwa na Louis Farrakhan. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, gwamnatin jihar Legas ƙarƙashin Bola Tinubu, wanda ya yi gudun hijira a matsayin ɗan NADECO, ta mayar da shi Walter Carrington Crescent.

Katsalandan ne ko aikin jakada?

Dokar da ke tafiyar da wannan fage ita ce Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar diflomasiyya, kuma kowane ɓangare yana da sashen da yake kafa hujja da shi. Sashe na 29 ya hana a kama jakada ko a tsare shi, na 22 ya hana shiga ofishinsa ba da izininsa ba. Sashe na 3 ya ce aikinsa ya haɗa da wakiltar ƙasarsa da bin diddigin halin da ƙasar da yake ciki take ta halastacciyar hanya. Sashe na 41 kuma ya wajabta masa girmama dokokin ƙasar, ya hana shi tsoma baki a harkokinta na cikin gida. Sashe na 9 ya ba ƙasa damar cewa ba ta bukatarsa, a kowane lokaci, ba tare da bayani ba. Yarjejeniyar ba ta fayyace abin da ake nufi da tsoma baki ba, kuma babu alƙalin da ke zaune yana yanke wannan hukunci kullum.

Masu sukar Carrington suna cewa ganawa da 'yan adawa abu ɗaya ne, zama tamkar ɗaya daga cikinsu wani abu ne daban. Suna tambaya ko Amurka za ta bari jakadan Najeriya a Washington ya riƙa hawa dandalin masu adawa da shugabanta, kuma korar Rasool a 2025 ta ƙara wa wannan tambaya nauyi. Suna kuma tuna cewa Amurkar da ke kuka da Abacha ita ce ta rungumi Mobutu na Zaire shekara da shekaru, ta kuma riƙa ba Hosni Mubarak na Masar biliyoyin daloli. Akwai ma jami'an diflomasiyya da ke da wata suka ta sana'a: jakadan da shugaban ƙasa ya daina gani ya rasa babban makaminsa, domin ba zai iya shiga fada ya roƙi a saki wani ba. Shi ya sa Washington ta riƙa turo 'yan aike na musamman irin su Jesse Jackson da Bill Richardson.

Masu goyon bayansa suna cewa gwamnatin da ta hau da bindiga, ta jingine tsarin mulki, ta hana kotuna sauraren ƙara a kan dokokinta, ba ta da bakin kiran girmama doka. Suna ƙarawa da cewa Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na duniya da na Afirka, saboda haka rataye mutane bayan shari'ar da babu ɗaukaka ƙara ba sirrin gida ba ne. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Najeriya kanta ta yi shekaru tana tallafa wa masu yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, kuma a zamanin Abacha ɗin ne sojojinta suka shiga Freetown a 1998 suka mayar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujera.

Abin da tarihi ya tabbatar bai cika wa kowane ɓangare burinsa ba. Maganganun jakadan ba su saki Abiola ba, ba su hana rataye Saro-Wiwa ba. Matsin lambar duniya, wanda yake cikinsa, ya taimaka wajen sassauta hukuncin 1995, inda aka mayar da kisan 'Yar'adua ɗaurin shekara 25, ɗaurin Obasanjo kuma aka rage shi zuwa shekara 15. Amma 'Yar'adua ya rasu a kurkukun Abakaliki ranar 8 ga Disamban 1997. Abin da ya sauya ƙasar shi ne rasuwar Abacha ranar 8 ga Yunin 1998. Wata ɗaya bayan haka Abiola ya rasu yana tsare, a lokacin ganawa da tawagar Amurka da ta ƙunshi Thomas Pickering da Susan Rice, abin da har yau ake ta zarge-zarge a kai.

Me ya sa ba a tuna shi iri ɗaya a Legas da Kano

A ƙasar Yarabawa sun raɗa wa Carrington suna Omowale, ɗan da ya dawo gida. A Arewa sunansa bai shiga bakin jama'a haka ba, kuma waɗanda suka san shi da yawa suna kallonsa a matsayin abokin 'yan Kudu maso Yamma. Wani ɓangare na dalilin wuri ne. An mayar da babban birni Abuja a Disamban 1991, amma ofishin jakadancin Amurka ya ci gaba da zama a Legas har bayan tafiyarsa, ƙaramin ofishin da ke Kaduna kuma an rufe shi a cikin shekarun 1990. Jakadan yana zaune ne a tsakiyar jaridun Legas da lauyoyinta da 'yan gwagwarmayarta.

Sannan zamanin Abacha ya bar tarihi biyu a Arewa. Akwai masu tuna titunan da asibitocin da asusun rarar mai na PTF ya gyara ƙarƙashin Muhammadu Buhari, da yadda canjin gwamnati ya tsaya a Naira 22 kan dala, ko da yake a kasuwa ya haura 80. Akwai kuma masu tuna mutuwar 'Yar'adua, da tsige Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a Afrilun 1996 da kai shi Zing a jihar Taraba, da ɓacewar ɗan jarida Bagauda Kaltho. Ga ɗaruruwan miliyoyin dalolin da Switzerland da Amurka da tsibirin Jersey suka yi ta dawowa da su daga asusun iyalan Abacha. A 1996 ɗin ne kuma kamfanin magani na Amurka, Pfizer, ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Lamarin na kamfani ne mai zaman kansa, amma ga iyalai da yawa a Kano shi ne abin da sunan Amurka ke tuna musu daga waccan shekara.

Da Carrington ya rasu ranar 11 ga Agustan 2020 yana da shekara 90, Buhari, wanda ya yi aiki da Abacha kuma shi ne ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya a 2018, yana cikin waɗanda suka yi ta'aziyya suna yaba masa.

Inda abin ke taɓa talaka

In gwamnatoci biyu suka yi tsami, jami'an da aka hana biza suna da Dubai da wasu wuraren zuwa. Wanda ya fi ji a jika a shekarun 1990 shi ne matafiyi na gama-gari. Amurka ta dakatar da zirga-zirgar jirage kai tsaye zuwa Legas a 1993 saboda matsalar tsaro a filin jirgin Murtala Muhammed, aka liƙa allunan gargaɗi a kan Legas a filayen jiragen Amurka, kuma ba a ɗage ba sai ƙarshen 1999. Ɗalibi ko ɗan kasuwa sai ya bi ta Landan ko Amsterdam ko Frankfurt, da ƙarin kuɗi da ƙarin bincike a kan koren fasfo. Tallafin lafiya da ya rage aka karkatar da shi ta hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu maimakon ma'aikatun gwamnati, tsarin da ya ƙarfafa waɗannan ƙungiyoyi har zuwa rufe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, a 2025.

Nijar ta ga nata salon kwanan nan. A Maris na 2024, bayan ziyarar wata tawagar Amurka da gwamnatin soja ta ce ta yi mata magana cikin raini, Yamai ta soke yarjejeniyar soja, kuma zuwa Satumba sojojin Amurka sun fice, har da sansanin jirage marasa matuƙa na Agadez. Ofishin jakadanci bai rufe ba, amma ma'aikatan gida da 'yan kwangilar da ke cin abinci a sansanin sun rasa aikin.

Batun biza kuwa, wanda ya fi damun masu karatu, ba a hannun jakada yake ba. Tsawon wa'adinta da yawan shiga Washington ce ke yankewa, galibi bisa abin da take kira ramuwa kan yadda ɗaya ƙasar ke yi wa Amurkawa, ko bisa umarnin shugaban ƙasa. Amsa ko ƙi kuma na jami'in biza ne da ke bayan gilashi. Mutum zai yi sammako ya shiga layi a Walter Carrington Crescent ko a Abuja, rungume da fayil ɗin takardun banki da wasiƙar makaranta, ya biya kuɗin da ba a mayarwa, a yi masa tambayoyi na 'yan mintuna. Dokar shige da fice ta Amurka, a sashe na 214(b), ta ɗauka cewa duk mai neman bizar ziyara niyyar zama yake da ita har sai ya gamsar da jami'in cewa zai dawo. Jakada ba shi da ikon umartar wannan jami'i ya ba wani biza, ko da a zamanin da ƙasashen biyu ke ɗasawa.